Na Je Ƙwato Haƙƙina a Ofishin Wuta

Duk wanda ya san shagona ya san ƙanƙara ce jarina, lemo da zoɓo da ruwan leda 'yan rakiya ne. Azumin 2024 kuwa ya faɗo a tsakiyar zafi, ciniki na tafiya yadda ake so, har na fara taya wani babur na hannu. Sai ranar Laraba 3 ga Afrilu, muna cikin goman ƙarshe, hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta sanar cewa 'yan Band A, wato masu layin da aka fi ba wuta, za su koma biyan naira 225 kan kowane yunit, daga naira sittin da 'yan kai. An ce duk gidajen rediyo sun faɗa. Ni dai a lokacin ba abin da kunnena ke ji sai ƙugin firiza.

Abin da na sani kawai, na aiki Auta, yaron shagona, da dubu ashirin wajen mai POS ya sayo wuta, ya dawo ya danna lambobi ashirin ɗin nan, mita ta nuna 62. A da ɗari biyu da wani abu take nunawa. Na ce ya goge gilashin ya sake dubawa. Kafin in gama mamaki ma har ta fara kukan nan nata na ƙarewa.

Zuciyata ba ta tsaya ko'ina ba sai kan Dogo mai walda. Kun san tsakaninmu. Tun ranar da tartsatsin waldarsa ya huda mini rumfa ya ce iska ce ta kawo, gaisuwarmu ta koma ta ɗaga hannu. Kuma gaskiya ni ma ban raga masa ba. Layinsu na tsallaken titi Band C ne, namu A, to duk sanda aka ɗauke musu wuta nakan leƙo in ce, “Dogo, in wayarka ta mutu ka tsallako, mu nan ba ma sanin dare.” Mutum irin wannan in ya samu dama ai sai ya ja mini waya. Bayan tarawihi na tare shi a majalisa gaban kowa na faɗa masa. Bai ko ajiye kofin shayinsa ba ya ce, “Ta sama na ja ko ta ƙarƙashin kwalta?” Na ce shi ya san hanyarsa. Har yau ban janye ba, don mai walda ba abin yarda ba ne a harkar wuta.

Washegari na saka farar shaddata mai sitati, na kafa hula, na nufi ofishin wuta. Uwargida ce ta ce in tafi da Auta ya zama shaida, tunda shi ya danna lambobin. A riƙe wannan, shawararta ce.

Ofis cike, benci uku duk mutane, kowa baki a bushe, fanka na juyawa da ƙyar. Ban bi layi ba. Na wuce kai tsaye na buga rasit a kan tebur, na ce da ƙarfi yadda na baya za su ji, “Ina manajan wurin nan? Yau sai an gaya mini inda aka kai kuɗina!”

Yarinyar da ke bayan kwamfuta ta ɗago kai.

“Lah, Yaya! Ina wuni? Ya Anti da yara?”

Ƙawar ƙanwar matata ce. Yarinyar da ta sha cin tuwo a gidana, na sha ba ta kuɗin mota lokacin tana makaranta. Jawabin da na kwana ina shiryawa, mai farawa da zalunci ya ƙare da kotu, nan take ya tsaya mini a maƙogwaro. Amma mutane sun riga sun juyo, ba halin ja da baya. Na ce lafiya lau, amma ba gaisuwa ta kawo ni ba.

Ta ɗauki rasit ɗin ta shafe shi da hannu ya miƙe. “Yaya, dubu ashirin ka bayar ko? To ga shi nan, an cire dubu biyar na bashi.”

“Bashin wa? Ni ko sisi ba a bi na.”

“Ba kai ba, shagon ake bi.” Ta taɓa kwamfuta. Ashe wanda ya zauna kafin ni, lokacin ba mita, bil ɗin ƙiyasi ake kawo masa yana ninkewa yana saka wa a aljihu. Da aka saka mita sai aka ɗora bashin a kanta, duk sayen da aka yi a yanki kashi ɗaya cikin huɗu. “Tun ranar da ka shiga ake cira, Yaya. A kowane rasit a rubuce yake, ga layin nan.”

To wa ke karanta rasit ɗin wuta? Lambobi ashirin ake dubawa, sauran takardar a naɗe canji da ita. Na ce ai wannan ma zalunci ne. Ta ce haka ne, a ƙa'ida sabon ɗan haya ba ya biyan bashin tsoho, in rubuto takarda in haɗo da yarjejeniyar haya mai nuna ranar da na shiga, za a duba. Yarjejeniyar hayata da Alhaji mai shagon musabaha ce a ƙofar masallaci bayan la'asar. Ban faɗa mata ba, na ce za a kawo.

Sai ta jawo kalkuleta. “Saura dubu goma sha biyar. Yunit naira 225, a ɗora harajin VAT kashi bakwai da rabi cikin ɗari, ya zama kusan 242. A raba.” Ta danna, ta juyo da kalkuletar. Ba gabana kaɗai ta juyo ta ba, ta ɗan karkatar da ita yadda 'yan bencin farko ma za su gani. Sittin da biyu, cif.

Nan ne wani dattijo da ke bencin farko ya ce, “Allahu Akbar. Lissafi ba ya ƙarya.”

Bari in tsaya kan dattijon nan, don da ba shi da abin bai kai haka ba. Gajere ne, da jar dara da jakar leda cike da takardu, ya cire takalmi ya tanƙwashe ƙafa a kan benci. Wai ɗan aike ne na wani kamfanin ruwan leda, amma yadda yake cewa “mu” sai ka rantse shi ya kafa kamfanin. Ba wanda ya tambaye shi, ya shiga yi wa jama'a bayani cewa su ba irin mitarmu gare su ba, sun haura kVA 45, mitar MD ta manyan masu shan wuta aka saka musu, taransifomarsu ma daban. Ya zaro bil yana fifita da shi don a ga yawan sifilin. “Ɗana,” ya ce da ni, “wannan kuɗin da kake wa kuka, injinmu kafin ya gama tari ya cinye shi.” Ɗana! Mutumin da bai fi ni da shekara goma ba. Daga nan kuma ya raɗa mini suna Alhajin Ƙanƙara, ban san ma wa ya gaya masa sana'ata ba, sai daga baya na gane Auta ne tun a bakin ƙofa.

Na ga abin na neman kuɓuce mini, sai na canza layi. Na ce to na ji, sittin da biyu. Me ya sa ta ƙare cikin kwana uku? Mitar nan gudu take yi, ko dai an ja mini waya.

Ta ce, “Yaya, yunit ɗaya fa shi ne wat dubu ya yi aiki na awa guda. Firiza nawa gare ka?”

Na ce biyu.

Ina da dalilina. Duk wanda ya yi zamanin ƙiyasi ya san in ma'aikacin wuta ya tambaye ka kayan da kake da su, ragewa ake yi, don da ido suke yanka bil. Hikima ce ta gado.

Daga bayana sai na ji, “Uku ne, Oga.”

Na juya na kalle shi. Ya ɗauka ban ji ba ne, ya ƙara murya: “Uku. Da babbar nan ta ciki da muke rufewa da buhu.”

Dattijo ya ce, “Madalla da yaro.”

Yarinyar ba ta yi dariya ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta sunkuyar da kai tana cije leɓe, ta ce mu ɗauka kowace wat 250 take ja, kuma firizar ƙanƙara a wannan zafin ba ta hutawa. Uku, awa ashirin, yunit goma sha biyar a rana. Sama da naira dubu uku da ɗari shida ke nan kullum. “Amma ko a haka ya kamata ta kai kwana huɗu. Akwai wani abin da ake jonawa?”

Na ce babu, sai ƙwai biyu da fanka. Kuma wannan karon gaskiyata na faɗa, har na ɗan samu ƙarfin gwiwa, na dubi jama'a na ce kun gani ko, akwai ɓarawo. Auta ya yi shiru yana kallon silin.

Dattijo ya miƙa wuya ya ce, “Yaro, azumi kake yi fa.”

Shi ke nan. Auta ya fara zuba. Wai akwai hita, da ita yake dafa wa masu kwana a shaguna ruwan shayin sahur, tukunya biyu. Yarinyar ta ce hita ɗaya takan ja wat 1,500, firiza shida ke nan a lokaci guda. Wani daga baya ya ce inna lillahi. Wai kuma tela na kusa da mu, tunda ɗinkin salla ya yi masa yawa kuma mitarsa ta ƙare, da daddare yakan miƙo waya ta taga ya jona dutsen guga. Tun goma ga azumi.

Na ce, “Da izinin wa?”

“Ya ce kai ka ce maƙwabci ɗan'uwa ne.”

Na faɗa, amma a kan aron tsintsiya na faɗa.

Da ya tsaya nan da na iya fita da sauran mutuncina. Sai ya dube ni daga hula har takalmi, da zuciya ɗaya, wai shi yana kare tela, ya ce, “Ai har wannan ta jikinka da ita aka goge, Oga. Jiya da dare.”

Ban taɓa sanin masu azumi na da ƙarfin dariya haka ba. Wata mata mai goyo ta rufe fuska da mayafi kafaɗunta na rawa. Mai gadi ya leƙo daga waje yana tambaya me aka ce, aka maimaita masa, shi ma ya kama. Dattijo ya sauko da ƙafafunsa, ya matso ya kama bakin hannun rigata ya murza da yatsu biyu, ya ce, “Kai, gugar ta yi kyau. Wannan ta kai yunit biyu.” Ni kuwa ina tsaye ƙiƙam cikin sitati kamar ango, karin guga ya miƙe tun daga kafaɗa har gwiwa, gumi na bin bayana, na rasa inda zan ajiye hannuwana. Shaidar da na zo nema a kan Dogo, ashe ita na sako na taho da ita a jikina.

Na yi yunƙurin ƙarshe. Na ce a cire ni daga Band A, ba na so, a mayar da ni inda talakawa suke. Ta ce ba mutum ake sakawa ba, layi ake sakawa, duk wanda ke kan layin tafiyarsu ɗaya. A awa ashirin ne aƙalla a rana, B sha shida, C sha biyu, D takwas, E huɗu, kuma ƙarin nan A kaɗai ya taɓa. Wato Dogo na nan kan tsohon farashi. Sai dai, in ji ta, in aka yi kwana bakwai a jere ba a cika wa layi awa ashirin ɗin ba, ƙa'ida ta ce a sauko da shi.

“To ka ji,” in ji dattijo. “Goman ƙarshe muke. Ka dage da addu'a Allah ya sa a riƙa ɗauke muku wuta.”

Mai ƙanƙara ake gaya wa haka.

Na juya na fita ban ɗauki rasit ba. Ina bakin ƙofa ta ɗaga murya, “Yaya, a gaida Anti!” Ba sai na kai gaisuwar ba ma. Da aka sha ruwa uwargida ta ajiye mini zoɓo da ɗumi, na tambayi ƙanƙara, ta ce ana tattalin yunit. Dattijon kuma, don ƙarfin hali, ya biyo ni har bakin titi yana tambaya ko hanyarmu ɗaya in biya masa kuɗin adaidaita.

Na ƙara kuɗin ƙanƙara, masu saye suka yi ta tsine mini. Dogo ya tsallako ranar jajibiri ya ce a ba shi ta Band A guda biyu, ya biya bai nemi ragi ba, wanda ya fi zagi ciwo. A watan Mayu aka sauko da farashin zuwa naira 206.80, a Yuli aka ɗaga shi zuwa 209.50, kuma duk sanarwar Dogo ne ke fara kawo mini. Tela ya ce zai rage mini a kuɗin ɗinki, ɗinkin da bai gama ba sai bayan salla da mako guda, wandon ma ya ɗage. Hitar na ƙwace na kai gida, yanzu a mitar gida take ci.

Maganar takardar haya kuwa, Alhaji ya ce shi tunda yake bai taɓa rubuta wa ɗan haya takarda ba, ko na fara zarginsa ne? Tsohon ɗan hayan an ce ya koma Zariya yana sayar da kayan waya, wasu kuma sun ce Kaduna. Wani mai ƙiba haka, da tabo a goshi. In wani ya ci karo da shi ya yi mini magana.