Ku daina yi wa yarinyar nan dariya kan ruwan watan Maris

Na ga yadda kuke ta yaɗa hoton jadawalin ɗalibar nan kuna ƙyaƙyata dariya, wai ta gano damina a Damagaram cikin watan Maris. Wallahi raina ya ɓaci. Yarinyar ba ta ƙago ruwa ba. Fayil aka miƙa mata, an rubuta 03/08 ana nufin 3 ga Agusta, pandas kuwa, wato manhajar sarrafa bayanai ta Python, ta karanta irin na Amurka, wata kafin rana, ya zama 8 ga Maris. Maganinsa a rubuta mata dayfirst=True, wato rana kafin wata, shi ke nan. To wa ya koya mata?

Ba wanda ya koya mata, kuma nan ne matsalar. Ana shafe watanni kan lissafi mai zurfi, amma shigar da bayanai cikin R ko Python, harsunan kwamfuta da ake lissafi da su, sai a ce ai wannan kowa ya iya. Kowa bai iya ba. Kwamfutocinmu a Nijar da Faransanci suke. Excel ɗinmu in ya fitar da CSV, wato fayil ɗin bayanai na zallar rubutu, da waƙafi mai ruwa (;) yake raba bayanai, ya rubuta 12,5 inda Ingilishi ke rubuta 12.5. Ka ba read.csv, umarnin R na karanta CSV, wannan fayil, ko ta yi maka gardama ko ta cusa komai a jeri guda na tsaye (column). Don irinmu aka yi read.csv2, amma ɗalibai nawa aka taɓa nuna wa ita?

Wani zai ce ta bincika a intanet mana. Da wane kuɗin data, kuma ta nemi me, tunda ba ta san akwai kuskure ba? Kwamfuta ba ta yi ƙara ba, jadawali ya fito tsaf. Haka -99 da ake sa wa ranar da ba a auna ba ke shiga lissafi shiru, ya ja matsakaicin ruwan Mirriah ko Magaria ƙasa.

Malamai, don Allah ku ware darasi guda. Ɗalibi ya buɗe fayil a Notepad, ya kalli layuka goma na farko da idonsa kafin ya rubuta umarni ko ɗaya.

Ga kuma masu aiko mana sunayen ƙauyuka duk ƙ da ɗ sun koma alamar tambaya: ku riƙa ajiye fayil da UTF-8, tsarin da ke riƙe waɗannan haruffa, mun gaji da cankar sunan garin mutane.