Mayen ƙarfe a jikin motata

Asabar ɗin da ta wuce wani dattijon Bature ya zo ganin motar da na sa a kasuwa, ya tafi bai saya ba, ni kuma har yau ban huce ba. Fasa ciniki ba baƙon abu ba ne a wurina, ɗan direba ne ni, tun ina ƙarami nake jin ana tayawa ana cewa albarka. Tambaya ɗaya ya yi mini da 'yar muryar nan tasu ƙasa-ƙasa, ita ce ta tsaya mini a wuya: "Me kake ɓoyewa a ƙarƙashin fentin nan?"

Shekarata tara ke nan a Gotenbog, ƙasar Suwidin. A watan Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufe gari, ka tashi daga aiki ba majalisa, ba teburin mai shayi, kowa ya ja ƙofarsa ya rufe. Maƙwabcina wani ɗan fansho ne, shi da abokansa suka kama hayar gareji suna gyaran tsofaffin motoci, wai don nishaɗi. Da farko dariya nake musu. Mutum da furfurarsa da fanshonsa ya shimfiɗa kwali ya kwanta ƙarƙashin mota cikin sanyi, ba wanda ya aike shi. Hunturu biyu ina leƙa su, a na uku ni ma na faɗa. Sai dai ni Bagumale ne, nishaɗin da ba riba a bayansa ba ya shiga kaina. Na ce zan saya da araha, in gyara, in sayar.

Saab 900 Turbo na saya, ƙirar 1991, a hannun wata tsohuwa da mijinta ya rasu ya bar ta a rumfa. Gidan kamfanin yana Trollhättan, tafiyar kamar awa ɗaya arewa da mu, kuma tun da ya durƙushe a Disamban 2011 mutanen nan suke riƙon motocinsa kamar marayun dangi. Mota ce mai abin mamaki. Makullinta ba a jikin sitiyari yake ba, yana ƙasa tsakanin kujeru kusa da giya, kuma ba zai zaru ba sai ka sa ta a ribas. Bonet ɗin gaba yake kifawa. Injin an juya shi, gabansa na kallon direba, an kuma kishingiɗar da shi, akwatin giya yana ƙarƙashinsa. Fitilun gaba ma da 'yan waifofinsu saboda ƙanƙara, kujerar direba tana ɗumama kanta. Ranar farko na fi minti goma ina laluben inda zan soka makulli, maƙwabcina yana tsaye yana murmushi.

Shi turbo ɗin da ake ta kururutawa, zugazugin maƙeri ne. Hayaƙin da ke fita daga injin, kafin ya kai salansa, sai a bi da shi ta kan wata 'yar fanka ya juya ta. Sanda ɗaya ta haɗa ta da wata fankar, wadda ke ɗura wa injin iska da ƙarfi. Iska ta ƙaru, mai ya ƙaru, wuta ta ƙaru, sai injin lita 2 ya yi aikin da ya fi girmansa. Fankar nan tana juyi fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, kuma ba abin da ke tsakanin sandar da mazauninta sai siririn baƙin mai. Shi ya sa in ka yi gudu ba a kashe ta nan take, sai a bar ta a silo ta ɗan huce, in ba haka ba man ya ƙone a ciki ya toshe hanya. Tun 1978 kamfanin ya fara sayar da mota mai turbo, da Saab 99, lokacin da yawancin mutane ke ganin abin na motocin tsere ne. In ka taka ta, sai ta ɗan yi jim kamar ba ta ji ba, sannan ka ji wani siririn fito, allurar da ke gabanka ta haura, kujera ta tokare maka baya. Na yarda, wannan fiton ya shiga raina.

Krona 28,000 na biya, kuɗin ƙasar nan ke nan. Tsohuwar ta haɗa ni da wata jaka cike da takardu, rasiɗai da ɗan littafi mai tambura, wasu har sun yi ja don tsufa. Na ɗauka tarkacen mamaci ne take neman inda za ta sauke. Na karɓa don ladabi, da na iso gida na zuba a kwandon takardu.

Wata biyar ina kanta. Gishirin da suke watsawa a titi lokacin ƙanƙara shi ne ajalin motocin ƙasar nan, ya ci gindin ƙofofi da bakin tayoyin baya. Na sa aka yi walda, inda ya lotsa na cike da fila, ƙullin nan da masu fenti ke shafawa. Jan fentinta ya koɗe, na sa aka feshe ta baƙa wuluk. Silin da ya zazzago na ɗaga shi, na sa wa kujeru sabuwar riga, na cire tsohuwar rediyon kaset na sa mai haɗuwa da waya. Na kashe fiye da abin da na saye ta. Ranar da na fito da ita rana ta haska ta, na ce da a ce a gida ne, yau har yara sai sun bi ta da gudu. Na sa ta a Blocket, shafin da kowa ke saye da sayarwa a nan, na rubuta 75,000.

Dattijon ya bugo waya ya ce kada in tayar da ita kafin ya zo, yana so ya ji ta da sanyinta. Ya iso da 'yar tabarmar roba, da tocila, da mayen ƙarfe naɗe a ƙyalle. Gaisuwar kalma ɗaya ce. Bai tambayi sunana ba, bai tambayi daga ina nake ba. Tun kafin ya baro gidansa ya riga ya sa lambar motar a shafin hukumar sufuri, ya san hannu nawa ta bi da ranar da aka yi mata binciken ƙarshe. Ya leƙa mita ya faɗi tafiyarta da mil ɗinsu, wanda kowane ɗaya kilomita 10 ne, abin da ya daɗe yana rikita ni. Ya kwance bututun iska ya sa yatsa ya girgiza sandar turbo ya ji ko tana wasa. Ya ce in tayar, ya koma baya ya tsuguna yana kallon salansa, ko zai ga shuɗin hayaƙi, alamar turbo na shan baƙin mai. Bai gani ba. Ya gyaɗa kai, ni kuma na fara lissafin riba.

Sai ya ɗauko mayen ƙarfen. Ya bi jikin motar da shi a hankali kamar mai duba mara lafiya, yana kamawa, yana kamawa, da ya zo bakin tayar baya sai ya sulale ya faɗi ƙasa. Fila ba ƙarfe ba ce. Ya ɗaga robar ƙofa ya ga ja a ƙarƙashin baƙi. Ya ce ina rediyonta na asali, na ce na zubar. Ya ce ina littafin sabis da rasiɗai. Da na gaya masa inda suka tafi sai ya rufe ido kamar na ce masa an yi rasuwa. Daga nan ya yi waccan tambayar, ya taya 30,000, ya naɗe tabarmarsa.

Maƙwabcina ya yi mini bayani daga baya, wai da na bar ta da koɗaɗɗen fentinta da kaset ɗinta da jakar tsohuwa, da ta fi haka daraja. A nan tsohuwar mota ba kyanta ake saye ba, tarihinta ake saye. Wadda ta kai shekara 30 ma gwamnati ta yafe mata harajin shekara, don an ɗauke ta abin adanawa. Duk abin da ka canza, ka goge shaida ne. Ashe wata biyar na yi ina biyan kuɗi ina rage mata farashi, kwalliya ko kuɗin sabulu ba ta biya ba.

Ban ce tsarinsu banza ba ne. Mutumin bai yi ƙarya ba, filar tana nan. Mu ma muna da masu mayar da mita baya, da masu ɗura baƙin mai mai kauri ranar ciniki don hayaƙi ya ɓuya, duk wanda ya taɓa sayen Beljiyam ya san zancen. Amma ni dai ban ga abin burgewa a cinikin da ba a kallon fuskar mai kaya ba. Kun san yadda ake yi a wajenmu. Kafin a buɗe bonet an tambayi motar wa ce. Dillali ya ce ta malamin makaranta ce, daga gida sai ofis, ko ya ce ta yi lodin Maigatari shekara shida, kowa ya san abin da hakan ke nufi. A kira bakanike ya kasa kunne, a zaga da ita bayan gari, a dawo gindin darbejiya a zauna. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. In ta ba ka matsala bayan sati, ka san ƙofar gidan mai ita, ka san surukansa, ranar Juma'a sahu ɗaya za ku tsaya. Su takarda suke tambaya saboda ba wanda ya san wani. Mutumin da ya shekara ashirin bai san sunan na ƙofar kusa da shi ba, dole ya yarda da tambari fiye da ɗan Adam.

Batun fenti kuma, nan ne na fi jin ciwo. Wa ke kai rago kasuwa bai wanke shi ba? Wace amarya ake kaiwa ba lalle? A wajenmu ka gyara kaya kafin ka miƙa wa mutum girmama shi ne. Ni mutunta mai saye na yi, shi kuma ya karanta shi a matsayin zamba. Kuma kada a ce mini launin fatata bai shiga cikin tambayar nan ba. Wataƙila bai shiga ba, maƙwabcina ya rantse ko shi ne haka za a yi masa. Amma ni na ji ta, kuma na san yadda ta sauka.

Abin dariyar shi ne turbon da ya sa suke rububin motar nan, a gida shi ne zai karya mata farashi. Ka kai mota mai turbo ƙauyenmu ka ga yadda direbobi za su ja da baya, kuma suna da gaskiya. Ƙurar hunturu in ta sami matatar iska a yage, fankar za ta fara ci. Ga man bumburutu, ga baƙin man da ake aunawa a galan ba a san asalinsa ba, ga direban da zai taso daga Kano a guje ya kashe mota nan take don ya sami jam'i. In ta lalace sai an tafi Kofar Ruwa neman na Beljiyam, shi ma cinikin biri a sama. Mu darajar mota a wajenmu ita ce wadda yaron gareji zai tayar da sufana biyu da guntun waya. Shi ya sa Fijo 504 ta yi sarauta tun da aka fara haɗa Fijo a Kaduna a 1975. Wannan ma ilimin kima ne, ba a dai rubuta shi a littafi mai tambari ba.

Da irinta Baba ya riƙe mu. Doguwa ce, fara, kowace Alhamis tun asuba ya yi lodin Maigatari, mutane a ciki, buhuna a sama, wani lokaci har da akuya a but. Sau uku aka yi mata fenti a sanina, injin ma ba nata na asali ba ne, takarda kuwa in ban da ta 'yan sanda ba ta da ko ɗaya. Da dattijon nan zai bi ta da mayen ƙarfensa, rabin jikinta ba zai kama ba. Amma ba wanda ya taɓa tambayar Baba me yake ɓoyewa. A kujerarta ta gaba na koyi canza giya, ina zaune a gefe yana riƙe da hannuna. Bayan rasuwarsa aka jingine ta a bayan gida a kan duwatsu.

Daren Asabar ɗin na kira ƙanena don in huce. Na ba shi labari yana ta dariya, ya ce, "Yaya, ai sai ka auno mana ita, a nan baƙar ma ta fi shiga." Sai na ce masa ya share motar Baba ya ɗauko mini hotonta, akwai masu neman irinta a Turai, in ya so in na zo a tashe ta. Ya yi shiru. Ya ce ai tun daminar bara 'yan gwangwan suka ɗauke ta, a kilo aka auna, kuɗin aka haɗa aka sayi taki. Na ce da izinin wa? Ya ce, "Yaya, kaji ne ke ƙwai a ciki. Shekara nawa muna ce maka ana so a gyara, kana cewa sai ka zo."

Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na tuna abin da na zuba a motar wani mamacin da ban taɓa gani ba, wanda rabinsa ya isa ya tashi ta Baba har da sababbin tayoyi. Washegari na cire tallar daga Blocket. Tana gareji yanzu, na ce sai bazara in ga abin da zan yi da ita.

Jiya na sake kiransa na ce ya duba ko 'yan gwangwan sun bar ɗan zakin nan na gaban motar. Ya ce zai tambayi yara, kamar ya taɓa ganin ɗaya daga cikinsu yana wasa da shi a ƙofar gida.