Shirunsu Daban, Namu Daban

Akwai wani nau'in fim da nake ganin mu Hausawa ya kamata a ce mun fi kowa iya shi, amma har yanzu ba mu waiwaye shi ba. Gajeren fim ne na zane, minti takwas ko goma sha biyu, wanda tun daga farkonsa har ƙarshe babu mai buɗe baki ya ce uffan. Ba katun ɗin da ake kunna wa yara don uwa ta samu ta ɗora tukunya nake nufi ba. Waɗannan na manya ne, kuma mafi kyawunsu a kan tsufa suke, da iyali, da abin da ya wuce wanda zuciya ta ƙi saki.

Wanda ya fi zama mini a rai shi ne Father and Daughter na Michaël Dudok de Wit, ɗan ƙasar Holland, inda nake zaune. Ya fito a 2000, ya ci lambar Oscar a 2001, kuma tsawonsa bai wuce minti takwas da 'yan kai ba. Uba da 'yarsa ƙarama sun zo bakin ruwa a kan kekuna. Ya rungume ta, ya gangara wajen kwalekwale, sai ya kasa, ya sake hawowa da gudu ya ƙara rungumarta, sannan ya shiga ya tuƙa ya tafi. Ta tsaya tana jira har rana ta faɗi. Daga nan fim ɗin bai nuna komai ba sai dawowarta wannan wuri: tana 'yar makaranta iska na tura kekenta, tana budurwa cikin ƙawaye, a bayan keken saurayi, sannan da miji da 'ya'ya. Kullum sai ta ɗan tsaya ta kalli ruwan. A zuwanta na ƙarshe ta tsufa tukuf, tana kafa keken yana faɗuwa, har ta ƙyale shi a ƙasa. Ruwan ya janye, wurin ya zama ciyawa. Ta kutsa ciki ta tarar da kwalekwalen ya nutse rabi a yashi, ta kwanta a cikinsa.

Sai da na zauna a ƙasar na gane cewa janyewar ruwan nan ba ƙirƙira ba ce kawai. Mutanen nan sun datse wani babban ɓangare na teku da madatsa mai tsawon kilomita 32 a 1932, suka zuƙe ruwan wasu sassansa suka mai da su gonaki, har wurin ya zama lardi mai zaman kansa, Flevoland, a 1986. A cikin gonakin an tono ɗaruruwan jiragen ruwa da suka nutse tun zamanin da. Saboda haka ɗan Holland da ya ga tsohuwa ta taka da ƙafa zuwa inda kwalekwalen mahaifinta ya nutse, ƙasarsu yake gani. Tsofaffin mata masu furfura a kan keke kuwa kullum ina wuce su a hanya, su kaɗai, da kayan cefane a kwando.

Na biyu daga Japan ya zo, na Kunio Katō, a 2008, mai suna La Maison en Petits Cubes, shi ma ya ci Oscar a 2009. Wani dattijo ne a garin da ruwa ke cinyewa a hankali. Duk lokacin da ruwa ya taso masa, sai ya ɗora sabon ɗaki da bulo a kan tsohon, ya kwashe kayansa ya koma sama, kuma kowane sabon ɗaki ya fi na ƙasansa ƙanƙanta. Wata rana lofensa ya faɗa ta ƙofar da ke tsakiyar daɓe. Ya sa kayan ninƙaya ya bi shi. Da ya ɗauko lofen sai ya tuna matarsa tana miƙo masa shi, daga nan ya ci gaba da nutsewa, hawa bayan hawa: ɗakin da ya yi jinyarta, ɗakin da 'yarsu ta kawo mijin da za ta aura, ɗakin da take rarrafe, har can ƙasa inda shi da matar suka aza tubalin farko lokacin wurin yana fili.

Duk wanda ya taso a Arewa ya kalli waɗannan, abin da zai fara faɗo masa shi ne: ina mutane? Ina jikoki, ina maƙwabta, ina almajirin da ke ɗebo ruwa? Tambayar tana kan hanya. A Japan kusan mutum 29 cikin 100 sun haura shekara 65, a Holland kimanin 20, a Nijeriya kuwa wajen 3 ne kacal. Kaɗaicin tsofaffi ya kai Birtaniya ta naɗa ministar da za ta kula da shi a 2018, Japan ta bi sahu a 2021. A nan Holland wani babban kanti, Jumbo, ya buɗe layin biyan kuɗi na musamman a 2019, inda ba a gaggawa, don tsoho ya samu wanda zai yi hira da shi ko na minti biyar ne. Shirun da ke cikin finafinan nan shirun gidajensu ne na gaske, inda agogon bango ya fi kowa magana.

Mu ɗakin kaka ba ya rabo da hayaniya. Jika ya shigo ya kira ta matarsa, ta kore shi da cewa miji marar cefane ba ta so, a yi dariya, ta kwance bakin zane ta ba shi alewa. Wannan arziki ne, kuma ina kewarsa fiye da yadda zan iya faɗa. Sai dai ban yarda da masu tsayawa a nan su ce ai mu wannan fim bai shafe mu ba. Ya shafe mu ta wata ƙofar da su masu yin sa ba su ma san da ita ba.

Mu mutanen magana ne, da karin magana da kirari da tatsuniya da waƙar baka, kuma rediyo ya fi komai shiga gidajenmu. Amma a lura da inda muke yin shiru. Daidai inda ƙauna ta fi nauyi, nan bakinmu yake mutuwa. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, wani lokaci ma kaka ce ke raino, amma a ƙasan tuwonsa ake samun tsokar da ta fi girma. Mace ta shekara arba'in da miji ba ta taɓa ambatar sunansa ba, sai Malam ko Alhaji ko Baban wane. Ranar da za a kai yarinya ɗakin miji, a shigar da ita wajen mahaifinta, abin da zai ce bai wuce ta yi haƙuri ba, yi na yi bari na bari, Allah ya yi albarka. Sai ya tashi ya tafi masallaci tun ba a kira salla ba, don kada a ga idonsa. Uban da ke cikin fim ɗin Dudok de Wit ya dawo da gudu ya rungumi 'yarsa. Namu ba zai yi haka ba, kuma duk Bahaushen da ya ga bayansa yana fita zaure da buta a hannu ya san abin da ke cinsa. Mai zane ba ya buƙatar kalma ɗaya a nan.

Ga kuma takaba, wata huɗu da kwana goma. A zana mace a ɗaki, asuba ta yi, hannunta ya kai ga butar Malam don ta zuba masa ruwan alwala kamar yadda ta saba, sai ta tuna. A zana kwanonsa da aka wanke aka kife, wanda babu mai ci a ciki kuma babu mai ƙarfin halin bayar da shi. A zana jeren kwallaye da tasoshin da aka kawo ta da su tana amarya, suna raguwa ɗaya bayan ɗaya duk lokacin da za a aurar da 'ya. Gidan Katō sama yake tafiya yana tsukewa. Namu gefe yake faɗaɗa, duk ɗan da ya yi aure a yanka masa sashe, har ranar da mai gida ya kwanta dama a zo rabon gado, a ja katanga ta tsakiyar tsakar gida, ko a sayar a rushe a yi shaguna. Wanda ya san unguwannin cikin birnin Kano ko Zariya ko Katsina ya ga wannan da idonsa.

Akwai ma abin da tsofaffinmu suke da shi wanda ban gani ba a ko ɗaya cikin finafinan nan. Dattijon Katō baya kawai yake kallo, domin a fim ɗin babu komai a gabansa sai ƙarin ruwa. Tsohuwarmu tana kallon baya, tana kuma shirin gaba. A ƙasan adakarta akwai farin yadin da ta wanko da zamzam tun zuwanta Makka, ta naɗe ta ajiye, ta kuma gaya wa babbar 'yarta inda yake. Takan fito da shi jefi-jefi ta shanya ta mayar, ba tare da tsoro ba. Wannan kaɗai ya isa fim, kuma ba wanda zai iya yin sa sai wanda ya taso yana gani.

To me ya sa finafinanmu ba sa barin shiru ya yi aiki? Tun daga fim ɗin Turmin Danya a 1990, masana'antar Kano ta ginu ne a kan zance da waƙa, kuma ta yi abin a yaba, ta riƙe harshen, ta ciyar da dubban mutane. Amma a yawancinsu komai sai an faɗa. Uwa za ta zauna a falo ta yi wa ɗanta dogon jawabi a kan irin son da take masa, abin da uwar da ta haife ni ba za ta taɓa yi ba ko da wuƙa a wuya. Idan baƙin ciki ya zo sai a sako waƙa ta bayyana shi. Mai kallo ba a bar masa komai ya gano da kansa, alhali shi a gidansu tun yana yaro ya ƙware wajen karanta fuska da motsin hannu da yadda aka ajiye kwano.

Mu da muke waje kuwa, in za mu faɗi gaskiya, mu ne muka shiga kwalekwalen. Kira ta WhatsApp ba ya wuce abin da aka saba. "Hajiya, ina wuni, ya ƙarfin jiki?" "Da sauƙi, alhamdulillahi. Ya yaran, ya sanyi?" Sai daga baya ƙanwarka ta gaya maka cewa kwana uku aka yi ana ƙara mata ruwa, ita ce ta hana a faɗa maka don kada hankalinka ya tashi. Ba sai wanda ya ƙetare teku ba, na Abuja da Legas da Fatakwal ma haka suke. Gidajen da a da ake dafa tukunya guda a ci mutum talatin, yanzu wasu daga tsohuwa sai 'yar aiki. Fim ɗin Bao na Domee Shi, wanda kamfanin Pixar na Amurka ya fitar a 2018 ya ci Oscar a 2019, a kan wannan gaɓar ya tsaya: wata uwa 'yar asalin Sin a Toronto, ɗanta ya girma ya bar gida, sai ta ga ɗan curin abincin da ta naɗa ya zama jariri, ta raine shi, da ya tashi tafiya shi ma sai ta haɗiye shi don kada ya fita. Mutane da yawa sun ruɗe da wannan wurin. Ina jin uwar da ta raka ɗa tasha ta dawo ta zauna a bakin gadonsa ba za ta ruɗe ba.

Sai gigin tsufa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da shi a duniya. A wajenmu tsohuwa ta fara kiran jikanta da sunan ƙaninta da ya rasu tun tana budurwa, sai yara su yi dariya, manya su ce rikici ne, a wasu wuraren ma har a jefe ta da maita. Zane yana iya abin da kyamara ba ta iyawa, ya shiga cikin kanta ya nuna cewa ita a wannan lokacin da gaske ƙaninta take gani, a tsakar gidan da aka rushe tuntuni. Jikan da ya kalli haka na minti takwas zai sauya yadda yake amsa mata.

Kada kuma a ce wannan sana'ar Turawa ce da Japanawa. Moustapha Alassane, ɗan Nijar, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, yana cikin waɗanda suka fara fim ɗin zane a Afirka. A 1966 ya yi Bon Voyage Sim, 'yan mintoci kaɗan, da kwaɗi a matsayin shugaban ƙasa da 'yan rakiyarsa, kuma a Tawa ya yi zamansa yana aiki da 'yan kayan da ya harhaɗa da hannunsa, a zamanin da babu kwamfuta a kan kowane tebur. Yau yaro a Kaduna ko Maraɗi yana da abin da ya fi nasa a cikin jakar goyo.

Aikin da nauyi. Idan ana zana hoto 12 a kowace daƙiƙa, fim na minti takwas yana cin zane 5,760, wato watanni ana sunkuye. Amma ba ya buƙatar jarumi mai tsada, ko hayar gida, ko janareto, kuma da an gama shi ba ya neman fassara. Bafulatani da Babarbare da Bazabarme za su kalla daidai da Bakano, kurma zai kalla, haka 'ya'yanmu da aka haifa a nan waɗanda Hausarsu ba ta wuce gaisuwa ba. Bikin finafinan zane na Annecy a Faransa, wanda ake yi tun 1960, da bikin finafinan Afirka na FESPACO a Wagadugu duk suna karɓar gajerun finafinai irin wannan. Abin da nake roƙon duk matashin da zai gwada shi ne ya nemo mai gurmi ko mai sarewa ya yi masa kiɗa zalla, kuma idan mai ba da kuɗi ya ce a saka waƙa ko a sa wani ya yi bayani a kan hoton don mutane su gane, ya ƙi.