Sunan wa ke jikin allon?

Maƙwabciyata a nan Landan mai zanen gine-gine ce. Ta yi shekara huɗu tana fama da wani ƙaramin ɗakin karatu na unguwa, ranar buɗewa ta ce in raka ta. Na ɗauka a sahun gaba za ta zauna. Ina! Bakin ƙofa ta laɓe, tana kallon masu shiga. Wani dattijo ya turo kekensa na guragu ya hau gangaren shiga ba wanda ya taimaka masa, sai na ji ta damƙe min hannu. Wata biyu, in ji ta, ta yi tana gardama da ɗan kwangila a kan tsayin gangaren nan. Can wata yarinya ta samu lungun taga ta naɗe ƙafa da littafi, daidai inda aka zana don a zauna, ba tare da an nuna mata ba. Maƙwabciyata ta juya baya tana share ido.

Da muka fito na tsaya karanta allon tagullar da ke bango. Sunanta na nan, ƙasa da na hukumar da ta biya kuɗin.

Abin da ya tsaya min a rai ke nan. Allunan buɗe gini nawa na karanta a gida? Sunan Mai Girma Gwamna da manyan baƙi, ranar ƙaddamarwa, wani lokaci har da kwamishina. Wanda ya kwana yana lissafin inda rana za ta faɗo da inda iska za ta bi, babu shi. In ya halarci bikin ma, yana can baya cikin rumfa.

Ba wai Turawa waliyyai ba ne a wannan fanni. Jørn Utzon, ɗan ƙasar Denmak, shi ya zana shahararren gidan kiɗa na Sidni a Ostireliya. Rigima da gwamnati ta sa ya ajiye aikin a 1966, da Sarauniya Elizabeth ta buɗe ginin a 1973 ko sunansa ba a ambata ba. Har ya rasu a 2008 bai koma ya gan shi da idonsa ba. Amma dai an ɗauki abin a matsayin abin kunya, daga baya aka nemi sulhu da shi. A majami'ar St Paul's da ke nan Landan kuwa, kusa da kabarin Christopher Wren, wanda ya zana ta, an rubuta da Latin cewa mai neman abin tunawa da shi ya dubi kewayensa.

Abin haushin shi ne mu ma da can mun san wannan. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda aka gina a ƙarni na 19 da ƙasa da azara, da bakan gizon da masana ke zuwa daga nesa su auna, har yau da sunan magininsa ake kiran labarinsa: Babban Gwani Muhammadu Durugu. Muna da sarautar Sarkin Magina tun kafin a kawo mana siminti da rodi. Yaushe muka koma yaba wa mai almakashi?

Inda nake ganin nan ɗin ma sun gaza, sun ware mai zane sun ɗaga shi, birkila da kafinta da lebura kuwa ko oho. A wurinmu gwani shi ke zane, shi ke taka ƙasa, hannunsa duk laka.

Na faɗa wa maƙwabciyata haka a hanyar komawa. Ta yi dariya ta ce allon bai dame ta ba, gobe da sassafe za ta dawo, don ta lura ƙofar baya tana ɗan cijewa.