Masu son tseren tattabaru a Sakkwato, ku rage garke tun yanzu

Salam 'yan uwa masu kiwon tattabaru. Maganag ga ta daɗe tana ci min rai, don duk inda anka zauna hirar tsere, tambayar farko ita ce "guda nawa gare ka?" Wanga ya ce sittin, wancan ya ce ya haura ɗari, sai ka ga ana jinjina mai. Ni ko a ganina wanda ke da ashirin da huɗu ya san kowace ɗaya da halinta, ya fi mai ɗari kusa da cin tsere nesa ba kusa ba.

Mu fara da lissafin abinci don shi ba ya ƙarya. Tattabarar tsere tana cin kusan giram 30 na hatsi a rana. Mai ɗari kenan kilo 3 kullum, kilo 90 a wata, kusan buhu guda, kuma ba dawa zalla ba, sai ka haɗa da gero da masara da wake da ɗan gyaɗa, ga tsakuwar da suke nema don niƙa abinci a ciki, ga allurar rigakafi. Mi ke faruwa in aljihu ya gaza? Sai mutum ya koma watsa musu dusa da tsakin masara ya ce ai tsuntsu ne zai nemi sauran a waje, to wadda ta wuni tana kiwo a bola ba za ta dawo maka daga Tambuwal da gudu ba malam.

Sai ɗaki. Cunkoso shi ke kawo rabin ciwon da muke kuka da shi, ciwon nan mai farin abu kamar cuku a maƙogwaro, da zawo, da wanda ke murɗe musu wuya, ɗan uwan cutar da ke share kaji ne kuma rigakafi ne kaɗai maganinshi. Ƙa'ida mai sauƙi: kowane namiji da gurbinshi, kowace tattabara da wurin tsayawarta, har a samu rara. In gurbinka sha biyu ne to mazan tserenka sha biyu ne, magana ta ƙare. Ka shiga ɗakin da azahar a watan Afrilu ka tsaya minti biyar ƙarƙashin kwanon nan, in kai ka kasa numfashi to su ma haka suke ji.

Yadda nake ganin ya dace ga mai aiki ko mai shago wanda lokacinshi safe da yamma ne: manya na tsere kamar aure sha biyu, na haihuwa aure huɗu zuwa shida waɗanda ba a kai su ko'ina, sai 'yan shila na bana. Tattabara ƙwai biyu take yi, kwanci kwana 17 zuwa 18, ana sa wa ɗan shila zobe a ƙafa shina ɗan mako guda, a raba shi da iyaye wajen kwana 25 zuwa 28. Aure shida in sunka yi zubi biyu ka samu har 24, ya ishe ka, don dole wasu su ɓace wajen horo, shaho ya ɗauki rabonshi, wasu su bugi wayar wuta. Wanda ya bari sunka yi ta ƙyanƙyasa shekara duka ba hutu, iyayen ya kashe, 'ya'yan kuma kowane da shekarunshi daban ba ka iya horar da su tare.

To sai tsarin da za a yi tseren da shi, nan ne nake ganin wayar hannu ta ruɗa mu. Yaro ya kalli bidiyon wani Bature a YouTube yau, gobe ya raba maza da mata, jibi ya ga wani bidiyon ya sake haɗa su, tsuntsu ya rasa inda ya dosa.

Tsari na farko shi ne ka bar su yadda Allah ya yi su, miji da mata da sheƙarsu, abin da ke jawo su gida shi ne ƙwai ko ɗa. Duka biyun suna tsere. Amma shina son ido, don ba kowace rana ce tasu ba. Macen da ke kan ƙwai na kwana goma zuwa sha biyu ita ce za ka ga ta faɗo kamar an jefo ta, ba ta ko zagaye gida. Wadda ke gab da yin ƙwai ko ta yi jiya, ba a taɓa ta. Masu ɗan jariri na kwana biyu uku suna ba shi nonon maƙoshi, su ma a ƙyale su. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka mi ya sa garke babba ba ya yiwuwa, wa zai riƙe ranar ƙwan aure hamsin a kai? Ko a sha biyun ma sai da littafi da biro.

Na biyu shi ne na gwauranci, wanda mutanen Beljiyam sunka shahara da shi. A bar su su yi aure su raini ɗa, sannan a ɗauke matan a kai wani ɗaki inda mazan ba su ganinsu. Maza su yi shawagi kamar awa guda da safe, awa guda da yamma. Ranar da za a sa su kwandon kai su wurin saki a nuna wa kowa matarshi na 'yan mintuna, in ya dawo ya iske ta cikin gurbi tana jiranshi. Shina aiki, ba musu. Sai dai ka sani ɗaki biyu kake buƙata, kuma rabin garkenka wato matan suna zaune suna ci ba su tsere, in sunka daɗe tare ma sai su haɗa kansu su fara zuba ƙwai banza. Mai ɗaki ɗaya a bayan gida a Mabera ko Runjin Sambo, ni dai shawarata ya tsaya kan na farko shekara biyu tukuna.

Akwai wani kuma da nake roƙonku don Allah ku bar shi, na rufe 'yan shila cikin duhu. Turawa su can suna yi ne don ƙasarsu tana can arewa sosai, a watan Yuni rana kan yi sama da awa 16 ba ta faɗi ba, sai su rage hasken don tsuntsu ya jinkirta zubar da manyan gashin fiffike, guda goman nan na kowane gefe. Mu nan tsawon yini bai wuce tsakanin awa 11 da 13 duk shekara. Mi za ka rage? Ka toshe taga a garin da zafi ke haura digiri 40, gasa su kawai za ka yi.

Haka batun lokaci. Turai suna tsere daga wajen Afrilu zuwa Satumba don nan ne suke da ɗumi. Mu Maris zuwa Mayu wuta ce, damina kuma hadari na iya tasowa ba sallama. Lokacinmu daga ɗaukewar ruwa ne, Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ma ban da ranar da hazo ya rufe gari, don wajen gane hanyar gida tattabara tana aiki da inda rana take da kuma abin da idonta ya saba gani a ƙasa, ba maganaɗisun duniya kaɗai ba. Kenan 'yan shilan da za su yi tsere a haife su wajen Yuni da Yuli, a kula ɗaki ya zan busasshe, kafin sanyi sun yi wata huɗu biyar. Horo a hankali, bayan unguwa, sannan Kware ko Wamakko, sannan Bodinga, kafin a yi maganar Tambuwal ko Argungu, kuma a sake su da sassafe gari na wayewa, an ba su ruwa cikin kwando. Hanyar da ba lafiya kuma kowa ya san ta, tsuntsu bai kai ran mutum ba.

Kada a tura garke duka rana ɗaya. Raba su biyu, wasu wanga mako wasu mako mai zuwa, in rana ta ɓaci ba ka tashi da ɗaki wayam ba.

Nasan wani zai ce ai Turawan da ke cin kofi ɗaruruwa gare su. Gaskiya ne wasunsu haka suke, da ma'aikata da likita da na'urar da ke karanta zobe tsuntsu na sauka. Tattabarun tseren nan biyu, Armando da anka sayar a 2019 kan Yuro miliyan 1.25, da New Kim a 2020 kan miliyan 1.6, duk daga Beljiyam sunka fito. Amma kuɗin nan a kan tsuntsu ɗaya ɗaya anka biya su, bayan shekaru ana tacewa ana fitar da wanda bai yi ba. Mu ko tausayi da son yawa sun hana mu tacewa. Wanda ya yi kaka biyu kullum shi ne na ƙarshe, ka kai shi kasuwa ko ka ba yara su yi kiwo, kada dai ka ce wa mai saye zakara ne.

Abu ɗaya da ya rage, in za a haɗu a yi tsere tsakanin unguwanni a daina cewa wanda tashi ta riga sauka shi ya ci. Gidan da ke Arkilla da wanda ke Gidan Igwai ba nisansu ɗaya ba daga inda anka saki. Ko'ina a duniya nisa ake rabawa da lokaci, misali kilomita 100 cikin minti 90 ya ba ka mita 1,111 a minti, kuma wayar kowa tana iya auna nisan gidanshi. A yi wannan tun kafin kaka ta kama, a rubuta a ajiye a gurup, a kuma yarda tun farko ba zubin kuɗi don caca, kyauta in akwai wani mai hali ya sa. Ni kwandona na bana sha biyu zai ɗauka, shida shida zan riƙa turawa in Allah ya kai mu Nuwamba.