Bayan an naɗe kyamara

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yan'uwa, akwai wani irin shirin talabijin da yake yi mana ɓarna a zuciya ba mu ankara ba. Za a nuno ɗakin wani gwauro, tufafi jibge a kan kujera, bango ya yi baƙi, ko falon wasu ma'aurata da tarkace ya cinye. Sai a karɓi makulli a ce su fita. Masu ƙawata gida su shigo da fenti da labule da fitilu, bayan kwana biyu a dawo da masu gida ido a rufe, a ce su buɗe. Sai ihu da hawaye, kiɗa ya tashi, shiri ya ƙare.

Abin ya daɗe. BBC ta fara Changing Rooms a 1996, Amurka ta kwaikwaya da Trading Spaces a 2000, kuma tun 1994 akwai tashar HGTV da ba ta da aiki sai harkar gida da lambu. Wani shirin ma, Extreme Makeover: Home Edition, rushe gidan yake yi gaba ɗaya ya gina sabo cikin kwana 7. Abin da ba a nunawa shi ne wata shida bayan nan. An samu iyalan da aka gina wa irin waɗannan gidaje, haraji da kuɗin wuta suka fi ƙarfinsu, wasu suka ci bashi a kan gidan, ƙarshe suka rasa shi.

Kada a ce na haramta ado. Manzon Allah (SAW) ya ce Allah Mai kyau ne kuma Yana son kyau, Muslim ya ruwaito. Kai kuma ɗan'uwa marar aure, ƙazantar ɗakinka ba zuhudu ba ce, lalaci ne. Tashi ka share, ka wanke zanen gadon nan, ba sai baƙi sun zo da kyamara ba.

Damuwata tana ga mai kallo. Kafin ka kunna shirin, ɗakinka lafiya lau yake. Bayan minti 40 ka ɗaga kai, sai labulen ya zama tsoho, kujerar ta zama abin kunya. Babu abin da ya canja a ɗakin, idonka ne aka canja maka. Kuma da gangan ne, domin tallar masu fenti da kayan ɗaki ce take ɗaukar nauyin da yawa daga cikin irin waɗannan shirye-shirye, wanda ya gamsu da abin da yake da shi kuwa ba ya sayen komai. Daga nan mata ta fara ganin gazawar miji, miji ya fara ganin mata ba ta iya tsara ɗaki ba, saurayi ya ɗaga aurensa sai ya haɗa falo irin na talabijin. Ga shi kuwa an ce mana mu dubi wanda yake ƙasa da mu, kada mu dubi na sama, don kada mu raina ni'imar Allah a kanmu.

Ku lura da wani abu a Alƙur'ani. A Suratun Nahli, aya ta 80, Allah Ya ce Ya sanya mana natsuwa daga gidajenmu. A Suratur Rum, aya ta 21, Ya ce Ya halitta mana matan aure don mu natsu zuwa gare su. Tushen kalma ɗaya ne a wuraren biyu, "sakana". Wannan natsuwar fa, wane mai fenti ne yake da ita a gwangwani? Gidaje nawa ne ƙasansu yake ƙyalli, amma miji da mata sun kwana uku ba su yi wa juna magana ba, ba a karanta ko aya ɗaya a ciki?

Sayyidina Umar (RA) ya shiga wajen Annabi (SAW) ya tarar tabarma ta yi masa shaida a jiki, ya duba ɗakin bai ga wani abin kirki ba, sai ya fashe da kuka, ya ambaci daular Kisra da Ƙaisar, sarakunan Farisa da Rum. Annabi ya ce masa: ba ka yarda su sami duniya, mu kuma mu sami lahira ba? Nana A'isha (RA) ta ce shimfiɗarsa ta fata ce, an cusa mata zaren bawon dabino. Ta ce yakan yi sallar dare tana kwance a gabansa, idan zai yi sujada sai ya taɓa ta ta naɗe ƙafafunta, idan ya miƙe ta sake miƙe su. Sannan ta ƙara da cewa a wancan lokacin gidaje babu fitilu.