Ƙarfen ƙugun ƙanwata ya kwance, masu barka kuma sun watse

Ranar da ƙanwata ta dawo gida daga aikin ƙugu, inda aka sauya mata gaɓar da ta ƙarfe, tsakar gidanmu bai ɗauki jama'a ba. Mata na shigowa da kwanuka, ana barka da arziki, Umma na kukan murna. Kusan kowa a dangi ya sa hannu a kuɗin aikin. Umma ta sayar da sarƙarta ta gwal, kawunmu ya saki shanu biyu, abokaina suka yi karo-karo. Shekarunta 24 a lokacin. Yau shekara uku ke nan, ta koma dogara sanda biyu, likita ya ce ƙarfen ya kwance a cikin ƙashin. Tun da aka faɗi haka wata biyu da suka wuce, waɗanda suka zo duba ta ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Sikila gare ta. Wanda bai zauna da mai sikila ba yana zaton ciwon ya tsaya ga tashin da yake yi lokacin sanyi. Ƙwayoyin jininsu kan lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan hanyoyin jini. Kan ƙashin cinya, wannan mai kama da ƙwallo da ke juyawa cikin kwarmin ƙugu, da 'yan siraran hanyoyi yake samun jini. In suka toshe sai ƙashin ya mutu a hankali, ya rufta. Tana 17 ta fara ɗingishi. Muka ce sanyin ƙashi ne, muka zaga wajen masu ɗori, aka sha shafe-shafe da jiƙe-jiƙe. Kafin mu yi hoton ƙashi, kan ya riga ya baje. A Najeriya, ƙasar da ake ƙiyasta haihuwar jarirai kusan 150,000 masu sikila kowace shekara, gidaje irin namu suna da yawa.

Abin da ba mu riƙe ba a lokacin, ko da yake an faɗa mana a taƙaice, shi ne ƙugun ƙarfe yana da wa'adi. Tun da wani likitan ƙashi mai suna John Charnley ya daidaita wannan aiki a Ingila a 1962, galibin waɗanda ake yi wa shi tsofaffi ne da suka haura 60. Wani babban nazari da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2019 ya nuna kusan kashi 58 cikin 100 na irin wannan ƙugu ne ke kai shekara 25. Ga dattijo mai shekara 70, wannan ya wadatar. Ga yarinya 'yar 24, ko da ƙarfen ya kai shekara 25 ɗin, tana 49 ke nan kacal. Kuma matashi ba ya zama wuri ɗaya, yana tafiya, yana hawa bene, yana ɗaukar kaya, robar da ke tsakanin ƙarfen tana cinyewa da wuri. Matashin da aka yi wa wannan aiki, sau da yawa aiki na biyu yana jiran sa a gaba. Mu kuwa muka ɗauka an gama.

Ga mai sikila abin ya fi wuya. Ramin ɓargon ƙashin cinyarsa wani wurin ya ƙanƙance ya yi tauri, wani wurin ya yi laushi, don haka ƙarfen ba ya samun kyakkyawan mazauni. Saifarsa ta daina aiki tun yana ƙarami, ƙwayoyin cuta suna saurin kama shi. In kuwa suka sauka a kan ƙarfe, sai su yi wa kansu wani irin yauƙi su lulluɓe, maganin da ake sha ba ya ratsa shi. Shi ya sa nake roƙon jama'a, in wurin aikin ya fara zafi, ko yana fitar da ruwa, ko zazzaɓi ya ƙi tafiya, kada a je kemis a sayo kafso. Ba zai warkar ba, sai dai ya rufe cutar, in an zo gwaji a kasa gane wace ƙwaya ce. Akwai gwajin jini, akwai ruwan da ake zuƙowa da allura daga cikin gaɓar. In ta tabbata cuta ta shiga, sau da yawa sai an cire ƙarfen gaba ɗaya, a sa siminti mai magani a gurbinsa, a yi makonni ana allurai, sannan a sake buɗewa a sa sabo. Tiyata biyu ke nan, da ƙarin jini, ga jikin da dama jinin bai ishe shi ba.

Ban riƙe likitan da ya yi mata aiki a zuciya ba, kuma ba zan kira sunan asibitin ba, na kuɗi ne a wani gari. Abu ɗaya nake ƙorafi a kai: mun fito da takardar sallama kawai. Da sabon likita ya tambaye mu wane kamfani ya ƙera ƙarfen, wane girma ne, da siminti aka kafa shi ko babu, sai muka tsaya kallon juna. Kowane ƙarfe yana zuwa da lambarsa a manne a kwali, kuma haƙƙin mara lafiya ne a ba shi. A watan Agustan 2010 kamfanin DePuy ya janye wani samfurin ƙugu mai suna ASR daga kasuwa, bayan an sa wa mutum kusan 93,000 a duniya, saboda ƙarfen yana gogar ƙarfe yana zubar da gari mai lalata nama. A Indiya kaɗai mutum kusan 4,700 aka sa wa, kuma shekaru bayan haka an kasa gano inda akasarinsu suke. Ba irin wannan aka sa wa ƙanwata ba, don an janye shi tun kafin a yi mata aiki. Na kawo shi ne saboda mutanenmu da ke zuwa Indiya da Masar aikin ƙashi, suna dawowa ba su san abin da ke jikinsu ba. Wanda zai gyara a nan gida, ko a asibitin ƙashi na Dala ne, ko na Igbobi, ko na Enugu, da takardar lambar ƙarfen zai fara.

Amma duk wannan bai kai zafin abin da ta faɗa mini daren da muka dawo daga ganin likita ba. Na same ta zaune a bakin gado cikin duhu. Ta ce, “Yaya, da wane ido zan kalli waɗanda suka tara kuɗin nan?” Ciwo na cin ta, barci ya ƙaurace mata, amma kunya take ji, kamar ita ta ɓarar da dukiyar mutane.

Kuma mu muka sa mata wannan kunyar. Na ji da kunnena ana cewa ai ba ta yi gashin ƙashi yadda aka ce ba. Ni nake kai ta, ba ta taɓa fashi ba. Na ji an ce son jiki ne. Na ji an ce jifa ne, a koma wajen malam. Wadda ta fi ƙona mini rai ita ce, “ta dai saba da allura.” Gaskiya ne akwai masu sikila da allurar fenta, wato allurar kashe zafin ciwo da jiki kan saba da ita, ta kama, kuma babbar masifa ce. Sai dai in ka ƙaryata mai ciwo, ba ka raba shi da allura ba, ka tura shi ne ya nema a ɓoye. Maganin wannan shi ne likita ɗaya da ya san shi, ya tsara masa abin da zai sha da iyakarsa. Haka masu ɗura wa mara lafiya maganin ciwon nan diclofenac kullum don yana da araha, ƙodar mai sikila ba ta jure wannan.

Haƙuri kuwa, kowa ya shigo shi yake ba ta. Ta fi mu sanin haƙuri, da shi ta tashi tun tana goye. Ina so mai cewa “Allah ya ba ki haƙuri” ya ɗan duba yadda gidajenmu suke. Rayuwarmu duk a ƙasa take. A tabarma muke cin abinci, katifa a ƙasa, banɗaki na tsugunno, wanki da wanke-wanke a duƙe. Mai ƙugun ƙarfe, balle wanda nasa ya kwance, tsugunno na iya gotar masa da gaɓar. Abin da ya fi sauƙaƙa wa ƙanwata rayuwa a wata biyun nan kujerar banɗaki ce da wani mai walda ya haɗa mana, da ƙarfen riƙewa a bango, da gadon da muka ɗaga da bulo. Kuɗinsu duka bai kai na abincin ranar barka ba.

Har gaisuwa ta zama mata abin fargaba. Wata gwaggonmu ta yi fushi don ta gaishe ta a tsaye ba ta durƙusa ba. Salla ma sai da malaminmu ya zaunar da ita ya tuna mata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mara lafiya ya yi a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe, sannan ta daina tilasta wa kanta sujada tana hawaye. Karatunta ya tsaya saboda azuzuwan a bene suke, alhali tun Janairun 2019 aka sa hannu a dokar da ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su samar da hanyar masu buƙata ta musamman. Wanda yake neman ta da aure ya ja baya, danginsa suna tambaya ko za ta iya haihuwa. Mata masu ƙugun ƙarfe suna ɗaukar ciki suna haihuwa. Da sun tambayi likita da ya gaya musu.

Cikin waɗanda ba su daina zuwa ba akwai wata ƙawarta tun ta Islamiyya. Duk Alhamis take zuwa ta yi mata kitso. Ba ta taɓa tambayar ta labarin ƙafa ba sai in ita ta ɗauko. Takan zaunar da ita a doguwar kujera, ita kuma ta tsaya a bayanta har a gama, suna hirar ɗinkin biki da wanda ya yi aure da wanda ya haihu. A ranar ne kawai nake jin dariyarta daga zaure.

Ranar Litinin za mu karɓo sakamakon ruwan da aka zuƙa, shi zai nuna ko aiki ɗaya ne ko biyu. Na sayi jakar takardu, na fara tara duk hoton ƙashi da sakamakon gwaji a ciki, kuma na gaya wa likita tun yanzu cewa lambar sabon ƙarfen da mu za ta fito.